Sitiyarin da ke motsi da kansa: ina gaskiya, ina ƙarya?

Tun da dokar da ta fara aiki a 2018 ta hana shigo da ƙananan motocin da suka wuce shekara 5 Kodebuwa, motoci masu sitiyarin da ake daidaitawa da lantarki sai ƙaruwa suke a Abidjan, kuma jita-jita na biye da su. A garejojin Adjamé, wajen 220 Logements, za ka ji ana cewa motar da sitiyarinta ke ɗagawa da kansa idan an kashe ta, wayarinta ne ya taɓu. Ba haka ba ne. A Lexus da Mercedes da dama haka aka ƙera shi: ya ɗaga, ya matsa gaba, don ka fita gwiwarka ba ta buge shi ba. Kana tayarwa ya dawo inda yake. Wanda bai so, yawanci ana kashe shi a saitin motar.

Ƙananan injinan lantarki biyu ne a jikin sandar sitiyarin, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na gaba da baya. Wata na'ura tana ƙirga juyinsu, ƙwaƙwalwar motar ta riƙe lissafin. Idan ka daidaita kujera da madubi da sitiyari, ka danna maɓallin M ko SET sannan 1, ta haddace zamanka. Mai ɗakinka ta ɗauki 2.

Cewa kowane makulli na iya tuna mai shi, gaskiya ne a wasu motoci. Cewa cire batir na goge komai, rabin gaskiya ce: da yawa suna riƙewa, wasu sai an sake saita su.

Ƙaryar da ta fi ci mini rai ita ce wai idan injinan nan suka mutu, mota ba za ta juya ba. Aikinsu daban, aikin juya taya daban. Da wannan tsoratarwa ake sa mutum ya sayi sanda sukutum a kasuwar kayan gyaran mota ta Casse, alhali wataƙila fis ne ya ƙone ko maɓalli ya cika da ƙura. A fara duba waɗannan. Kada kuma a danne sitiyarin da ƙarfin hannu, haƙoran ciki karyewa suke.

Ɗan'uwa direba, ka daidaita sitiyari mota na tsaye, ka bar kamar santimita 25 tsakaninsa da ƙirjinka saboda jakar iska.