Me ya sa shan gaba ke da wuya a tseren motoci na cikin gari?

A watan Mayun 2024, motoci goma na farko a tseren Formula 1 na Monako sun kammala gasar a daidai jerin da suka tashi, ba tare da ko ɗaya ta sauya matsayi ba.

Wannan ne karon farko da hakan ya faru a tarihin gasar, kuma ya sake tayar da muhawara kan ko titunan cikin gari sun dace da motocin tsere na zamani.

Batun ya shafi Afirka, domin Ruwanda a 2024 da Najeriya a 2025 sun bayyana sha'awar karɓar baƙuncin gasar, wadda rabonta da nahiyar tun 1993 a Afirka ta Kudu.

Abin da shan gaba ke buƙata

Duk direban da ya taɓa bin bayan tirela a hanyar Babura ya san cewa gudun mota kaɗai ba ya isa a wuce ta. Sai hanya ta miƙe, ya hango gabansa, kuma akwai sararin da motoci biyu za su jera.

Haka lamarin yake a fagen tsere, sai dai a can na gaba ba ya kaucewa, tare hanya ma yake yi.

Direban da ke baya kan laɓe a bayan motar gaba a miƙaƙƙiyar hanya, inda ta gaban ke keta masa iska, sai gudunsa ya ƙaru. Da sun doshi kwana sai ya fito gefe, ya jinkirta taka birki, ya riga abokin karawarsa shiga kwanar.

To amma a cikin kwana al'amarin juyewa yake yi. Iskar da motar gaba ta hargitsa tana rage ƙarfin da ke danne ta baya a kan kwalta, don haka ba ta iya matsowa sosai.

Ban da haka, layi ɗaya ne motocin ke bi a kowane zagaye. Wanda ya kauce masa zai hau ƙura da ɓarɓashin taya, inda santsi ya fi yawa.

Titi bai ƙaru ba, mota ta ƙaru

Ƙa'idar hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ita ce sabon fagen tsere na dindindin kada faɗinsa ya gaza mita 12, wurin tashi kuma mita 15.

Titunan Monako, waɗanda aka fara tsere a kansu a 1929, ba su kai hakan ba a wurare da dama. Gine-gine da tudu da tashar jiragen ruwa sun kewaye su, kuma shingen ƙarfe ne a bakin kwalta, ba ciyawa ko tsakuwa ba.

Tsawon zagayen kilomita 3.337 ne kacal, da kwana 19, kuma babu wata doguwar miƙaƙƙiyar hanya. A kwanar da ta fi tsanani, gudun mota kan sauka ƙasa da kilomita 50 a sa'a.

A ɗaya ɓangaren kuma motocin sai girma suka yi ta yi. Faɗinsu mita 1.8 ne daga 1998 zuwa 2016, sannan ya koma mita 2 a 2017, tsawonsu kuma ya haura mita 5.

Tsohon zakaran duniya Nelson Piquet na Brazil ya taɓa kwatanta tsere a Monako da tuƙa keke a cikin falo.

Sai dai matsalar ta girmi motocin yau. A 1992 Nigel Mansell, da sabbin tayoyi da motar da ta fi kowace gudu, ya kamo Ayrton Senna ana saura zagaye uku, amma ya rasa ta inda zai wuce shi. Senna ya yi nasara da tazarar da ba ta kai sulusin daƙiƙa ba.

A 2018 ma Daniel Ricciardo ya lashe gasar duk da cewa motarsa ta rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta tun kafin a kai rabin tseren.

Wannan ne ya sa gwajin ranar Asabar, wanda ke tantance jerin tashi, ya kan fi tseren Lahadi muhimmanci a Monako.

Darasin Baku da Jidda

Ko ƙuncin titi ne kaɗai matsalar? Birnin Baku na Azarbaijan, wanda ya shiga gasar a 2016, ya nuna cewa ba haka ba ne.

A gefen ganuwar tsohon birnin, faɗin titin mita 7.6 ne, inda babu mai gigin jerawa da wani. Amma daga baya akwai hanya mai tsawon kimanin kilomita 2.2 da ake taka totur har ƙasa, wadda ke ƙarewa da kwana mai buƙatar birki sosai.

A nan ake yawan shan gaba. Ke nan ba dole ba ne titi ya yi faɗi ko'ina, muddin akwai wuri ɗaya ko biyu da aka haɗa miƙaƙƙiyar hanya da kwana mai sarari.

A Jidda kuwa, birnin da alhazai suka sani sosai, an buɗe fagen bakin teku a watan Disambar 2021. Tsawonsa kilomita 6.174, da kwana 27, kuma matsakaicin gudu ya kan kai kimanin kilomita 250 a sa'a.

Matsalar can ta bambanta: katangun gefe suna hana direba hango abin da ke bayan kwana. Bayan koke-koken direbobi, an ja wasu katangun baya a 2022 da 2023.

Ita ma Singafo ta cire kwanoni huɗu a 2023, inda aka maye gurbinsu da miƙaƙƙiyar hanya.

Neman mafita

Tun da ba a iya ture gidaje a Monako, sai masu shirya gasar suka koma ga doka. A 2025 an wajabta wa kowane direba tsayawa sau biyu domin sauya taya.

Hakan bai kawo sauyin da aka yi fata ba. Wasu kamfanonin sun sa direbansu guda ya rage gudu da gangan ya tare na baya, domin abokinsa ya samu damar tsayawa ba tare da ya rasa matsayinsa ba. Lando Norris, wanda ya tashi a sahun farko, shi ne ya zo na ɗaya.

Dokokin 2026 sun rage faɗin mota zuwa mita 1.9, tare da rage mata tsawo da nauyi. Santimita goma ke nan aka samu a kan titin da bai sauya ba.

Duk da haka birane na ci gaba da son irin wannan tsere, saboda yana kai gasar inda jama'a da otal-otal suke, yana kuma tallata birnin ga duniya. Monako kanta ta tsawaita yarjejeniyarta zuwa 2035.

Afirka ma ta taɓa gwadawa da wasu gasannin: Durban daga 2006 zuwa 2008, Marrakesh ta Maroko daga 2009, sai Cape Town a 2023, inda António Félix da Costa ya lashe tseren motoci masu aiki da lantarki bayan ya sha gaban na ɗaya ana dab da kammalawa.

Ga duk birnin Afirka da ke neman Formula 1, abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne, tun a kan takarda ake sanin ko za a ga tsere ko kuwa jerin gwanon motoci, domin da zarar an kafa shinge, gyara sai da tsada.