Mota mai turbo: sauya salansa na buƙatar sake saita kwamfutar injin?

A garejojin Maradi, Damagaram, Tahoua da Yamai, ana yawan ganin direba ya kawo motarsa yana so a canza masa bututun hayaƙi. Wani ƙara yake so, wani ƙarfi yake nema, wani kuwa matatar hayaƙinsa ce ta toshe, bakanike ya ba shi shawarar cire ta gaba ɗaya. Tambayar da ke biyo baya ita ce ko bayan wannan aiki sai an sake saita kwamfutar injin. Amsar ta dogara ne ga wane ɓangare na bututun aka taɓa.

Turbo ba sabon abu ba ne. Injiniyan ƙasar Suwizilan, Alfred Büchi, ne ya yi rajistar fasahar tun 1905. Hayaƙin da ke fitowa daga injin shi ke juya wata ƙaramar farfela, ita kuma ta juya wata da ke cusa ƙarin iska cikin injin. Idan iska ta ƙaru, ana iya ƙona ƙarin mai, ƙarfi ya ƙaru. Farfelar kan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya. Saboda haka a mota mai turbo, bututun hayaƙi yana da hannu kai tsaye a ƙarfin injin: gwargwadon sauƙin fitar hayaƙi bayan turbo, gwargwadon saurin juyawarsa.

A motocin zamani kwamfuta ce ke riƙe da ragamar wannan aiki. Tana auna iskar da ke shiga da matsin da turbo ke bayarwa da iskar shaƙa da ta rage cikin hayaƙi, sannan ta yanke adadin man da za a fesa. A injin fetur ma'aunin da ake nema shi ne kusan giram 14.7 na iska ga giram 1 na mai. Kamfani ya tsara lissafin ne bisa bututun da motar ta fito da shi. Kwamfutar na iya gyara ƙaramin sauyi da kanta, amma ikon gyaran nata yana da iyaka.

Idan salansar baya kawai aka canza, ko bututun da ke bayan katalizer, galibi babu buƙatar taɓa kwamfuta. Na'urorin auna hayaƙi suna gaba da wurin, matsin da turbo ke fuskanta bai sauya sosai ba. Abin da mai mota zai samu shi ne sauyin sauti, ƙarin ƙarfin kuwa ɗan kaɗan ne, sau da yawa ma ba a jin sa.

Lamarin ya bambanta idan aka taɓa bututun farko da ke manne da turbo, inda katalizer ko matatar toka suke. Faɗaɗa shi ko cire abin da ke cikinsa na rage matsin hayaƙi ƙwarai, turbo ya riƙa tashi da wuri, wani lokaci ya wuce matsin da aka ƙayyade masa kafin ƙofar da ke rage hayaƙi ta shawo kansa. Idan kwamfuta ta ga haka, takan kunna fitilar injin ta rage ƙarfin motar don kare ta. Na'urar bincike kan nuna lambar P0234. Na'urar auna hayaƙi ta biyu kuma, wadda aikinta lura da katalizer ne, takan ba da lambar P0420. A injin fetur, iska mai yawa da mai kaɗan na haifar da zafi da ƙwanƙwasa, abin da ke iya ƙona fistan. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a kudancin Nijar, haɗarin ya fi girma, domin iskar da ke shiga injin da ma da zafinta. A nan sake saiti ya zama wajibi.

Motocin gazuwal na da tasu matsalar. Da yawa daga cikin motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai na ɗauke da matatar toka da Faransawa ke kira FAP. Peugeot ya fara sa ta a samfurin 607 a shekarar 2000, kuma tun da ƙa'idar Euro 5 ta fara aiki a 2009 ta zama ruwan dare. Matatar na tara baƙin hayaƙi, lokaci zuwa lokaci kwamfuta ta fesa ƙarin mai don zafi ya kai kimanin digiri 600 ya ƙone abin da ya taru. Gajerun tafiye-tafiye cikin gari ba sa ba ta damar kammala wannan aiki, shi ya sa take toshewa. Idan aka fasa ta aka zubar da cikinta ba tare da taɓa kwamfuta ba, kwamfutar na iya ci gaba da ƙoƙarin ƙona tokar, wani ɓangaren gazuwal ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, ko kuma ta kulle ƙarfin motar.

Sai dai sake saiti bai mayar da cire matatar abu mai kyau ba. A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana hawa titi da motar da aka cire wa ita. A 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Waɗanda suka fi shaƙar sa su ne masu talla a bakin titi, ƴan kabu-kabu da yaran makaranta. Sau da yawa ana iya wanke matatar, ko a yi doguwar tafiya a kan babbar hanya don ta tsabtace kanta, kafin a kai ga fasa ta.

Shi kansa saitin yana da haɗari idan ya faɗa hannun wanda bai ƙware ba. Lissafin da aka kwafo daga intanet an yi shi ne don wata mota, wani mai da wani yanayi. Ƙwararre kan fara adana lissafin asali, ya auna matsin turbo da zafin hayaƙi kafin aiki da bayansa, ya gwada motar a kan hanya. Ƙarin ƙarfi kuma na nufin ƙarin nauyi a kan kuloci da giya, sannan sabuwar mota na iya rasa garantinta.

Kafin mai mota ya biya kuɗin aiki, ya kamata ya tambayi bakanike wane ɓangare za a canza, ko akwai na'urar auna hayaƙi ko matata a wurin, da kuma ko za a ajiye masa kayan asali. Idan salansar baya ce, ya tafi abinsa. Idan kusa da turbo ne, kuɗin saiti mai inganci na cikin kuɗin aikin, kuma ya fi kuɗin sabon turbo ko gyaran injin sauƙi nesa ba kusa ba.