Tsakanin rijiya da rijiya: wace dabara ta dace da taswirar ruwan ƙasa a Rimaye?

Zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa ba a ganinsa sai inda aka huda. Idan aka zura igiya a rijiyoyi 25 a Rimaye da ƙauyukan da ke kewaye, wurare 25 kawai aka sani. Duk launin da za ka gani a taswira tsakanin wannan rijiya da waccan kintace ne na kwamfuta. Kuma da irin wannan taswirar ake yanke inda za a kai injin burtsatse, aikin da ke cin miliyoyin naira.

Dabara mafi sauƙi ita ce ta kusanci, wadda masana ke kira IDW: rijiyar da ta fi kusa ta fi faɗa a ji. A misali, gonarka tana da nisan kilomita 1 daga rijiyar da ruwanta ke mita 8, da kilomita 2 daga wata mai mita 14. A lissafin da aka saba, ninka nisa sau biyu yana rage nauyi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, don haka kintacen zai ba ka mita 9.2. Aibinta, takan zana zobe-zobe kewaye da kowace rijiya, kuma ba ta taɓa ba da adadin da ya wuce mafi zurfi ko mafi kusa cikin waɗanda aka auna.

Sai kirigin, mai ɗauke da sunan Danie Krige, injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu da ya fara aikin a 1951 kan zinare, kafin Georges Matheron na Faransa ya shimfiɗa masa ƙa'idoji a shekarun 1960. Ita tana fara tambayar rijiyoyin ne: zuwa wane nisa kuke kama da juna? Daga amsar take raba nauyi, ta kuma ba da taswira ta biyu mai nuna inda kintacen ke da rauni. Ɗalibai na sonta don sunanta na da kwarjini a kundin digiri. To amma tana da ci. Webster da Oliver sun nuna a 1992 cewa sai da wuraren awo kamar 100 zuwa sama wannan lissafi ke zama abin dogaro. Da rijiyoyi 25, ado ne kawai.

Ga kuma matsalar ƙasar kanta. Kankiya da Kusada suna kan tsohon dutse mai tauri, inda ruwa ke zama a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa. Shi ya sa maƙwabcinka zai samu ruwa a gaba shida, kai ka ci karo da fa. Dabarun biyu kuwa duk sun ɗauka zurfi na sauyawa a hankali ne.

Saboda haka a gyara awon tukuna. A auna duk rijiyoyin cikin mako ɗaya, da asuba kafin a fara jan guga, kada a haɗa awon Afrilu da na Satumba. A ware rijiyoyin hannu daban da burtsatse, don ba lallai ruwa ɗaya suke sha ba. A kuma cire zurfin daga tsayin wurin bisa teku, tunda rijiyar tudu da ta fadama ba daga layi ɗaya suka fara ba.

Daga nan sai gwaji ya raba gardama. A ɓoye rijiya ɗaya, a sa kowace dabara ta kintaci zurfinta daga sauran, a kwatanta da ainihin awon, a maimaita ga duka 25 ɗin. Wadda kuskurenta ya fi ƙanƙanta ita za a ɗauka. Idan tazarar ba ta taka kara ta karya ba, ni IDW zan ɗauka: akwai ta a manhajar QGIS kyauta, kuma za a iya bayyana ta ga kwamitin ruwa na gari. A bar ɗigon kowace rijiya a kan taswirar, a bar wuraren da ke nesa da su fari. A can, kafin injin ya taso, sai an yi gwajin lantarki a ƙasa don neman tsagar dutse.