Kango da Kufai a Idon Kyamara: Ɗaukar Hoton Gine-ginen da Aka Ƙaurace wa a Kan Hanyar Tafiya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyin ƙasar Hausa a mota ya sha wuce ginin da babu kowa a cikinsa, ko tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ko barikin da rufinsa ya rufta, ko guntun ganuwa da hanya ta keta ta tsakiya. A da sai mai kyamara da fim ne ke iya tsayawa ya ɗauki hoton irin waɗannan wurare. Yanzu kuwa wayar hannu ta mayar da kowane matafiyi mai ɗaukar hoto. Ɗabi'ar kanta ta daɗe a duniya. A shekarar 1851 hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Faransa ta tura masu ɗaukar hoto biyar su zagaya ƙasar su ɗauko hotunan tsofaffin gine-ginen da ake jin tsoron lalacewarsu. A Amurka ma, tun da aka soke babbar hanya mai lamba 66 daga jerin hanyoyin tarayya a 1985, matafiya suke binta domin ɗaukar hoton gidajen mai da masaukan da suka mutu a gefenta.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa a ƙasar Hausa kyamara ita kaɗai ba ta yi wa tarihi adalci. Dalili kuwa shi ne, tana ganin ginin dutse da na jan bulo sarai, amma ginin ƙasa, wanda shi ne ginin Bahaushe, yana kuɓuce mata. Za a fara da kalmomin da harshe ya tanada, sa'an nan a bi hanya ɗaya mai zango uku, daga bisani a kawo abin da ya kamata ya raka hoto kafin ya zama hujja.

2.0 Kango, Kufai da Gona

Hausa ta bambanta matakan mutuwar gini. Kango shi ne ginin da bangayensa ke tsaye amma babu rufi ko babu mazauna. Kufai kuwa wuri ne da gari ko unguwa ta taɓa zama aka tashi, ko da babu bango ko ɗaya a tsaye. Ke nan kango na gida ne, kufai na jama'a. Ana samun kalmar ta biyu a sunayen wurare, alal misali Kufan Kanawa a yankin Damagaram na Jamhuriyar Nijar, inda ruwayar baka ke cewa Kanawa sun zauna kafin su gangaro kudu, inda kuma masu binciken kayan tarihi suka yi haƙa. Haka nan sunaye irin su Sabon Birni da Sabon Gari suna nuni da cewa akwai wani tsoho da ya riga su.

Abin lura kuma shi ne, a Hausar birane ta yau ana kiran ginin bulo da ba a ƙarasa ba kango. Kalma ɗaya ke nan ta haɗa gidan da bai taɓa rayuwa ba da gidan da ya gama tasa rayuwar. Hoto bai cika bambanta su ba, sai an tambayi maƙwabta.

Yadda gidan ƙasa ke tashi daga kango ya koma kufai abu ne sananne ga magina. Gina shi ake yi da tubali, a rufe da azarar giginya, a bi bango da yaɓe, masu hali su ƙara da makuba ko laso, wato haɗin katsi da gashin jima da dafara. Ransa duka yana ga gyaran da ake yi masa kafin kowace damina. Da zarar mutanen gida sun tashi, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro. Sau da yawa ma ba a jiran ruwan, domin azara tana da tsada kuma gara ba ta cika cin ta ba, saboda haka ita ake fara zarewa a kai wani ginin. Rufi ya tafi, ruwa ya samu kan bango, zankwaye su narke, gindin bango ya zaizaye. Sa'an nan masu sabon gini su zo ɗibar ƙasa, manomi ya biyo baya, tun da yake ƙasar tsohon mazauni tana da taki. Ƙarshen kufai dai gona. Abin da ke saura shi ne tudu da kwari, da tsingaro a cikin kunya, da bakin rijiya ko ramukan karofi, da kukoki da suka yi cincirindo a wuri ɗaya.

3.0 Zango Uku a Hanya Ɗaya

Domin a ga yadda wannan ya shafi mai ɗaukar hoto, bari mu ɗauki tafiya daga Zungeru a Jihar Neja, a bi ta Kwantagora da Yawuri da Birnin Kabi da Argungu zuwa Sakkwato. Wurare uku da za a tsaya duk sun taɓa zama cibiyar mulki, duk kuma mulkin ya ƙaurace musu.

3.1 Zungeru

Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum, tana bakin kogin Kaduna. Gwamna Lugga ya mayar da ita hedkwatar Jihar Arewa a 1902, ta riƙe wannan matsayi har zuwa 1916, sa'an nan aka koma Kaduna. A nan aka haifi Dokta Nnamdi Azikiwe a 1904. Da hukuma ta tashi, gine-ginenta suka zama kangaye, har gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa da aka kafa a zamanin Lugga aka kwance ta daga baya aka kai Kaduna. Duk da haka, da yake an yi aikin da dutse da bulo da siminti, matafiyi yana samun abin ɗauka: ginshiƙai, da harsashin gine-gine, da maƙabartar Turawa mai duwatsu ɗauke da sunaye da shekaru. Mulkin shekara 14 kacal, amma ya bar wa kyamara abin gani.

3.2 Surame

Daga Sakkwato, in aka nufi yankin Binji, za a iske Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa wa daular Kabi a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga ƙarƙashin Songai. An bar birnin a wajen farkon ƙarni na 18, lokacin da sarautar ta koma Birnin Kabi. Surame ta fita daban a ƙasar Hausa domin an yi amfani da duwatsu wajen gina ganuwarta, shi ya sa bayan shekara fiye da 300 ana iya bin sawunta da ido. An ayyana ta cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma Nijeriya ta sa ta cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Sai dai a nan ma abin da hoto ke kamawa ganuwa ce da ƙofofi. Gidajen talakawa na ƙasa da na ciyawa, waɗanda ganuwar ta tsaya domin ta tsare su, sun daɗe da komawa inda suka fito.

3.3 Alƙalawa

Zango na uku yana arewa maso gabas da Sakkwato, a yankin Sabon Birni, kusa da gulbin Rima. Sarkin Gobir Babari ne ya mayar da Alƙalawa babban birninsa a tsakiyar ƙarni na 18, ruwayar baka kuwa tana danganta sunan da alƙalin Zamfara da ke da wurin tun farko. Daga nan Bawa Jangwarzo ya yi mulki, a nan kuma rundunar jihadi ta ci Sarki Yunfa da yaƙi a 1808, abin da ya share wa daular Usmaniyya hanya. Da wuya a sami wurin da ya fi wannan nauyi a tarihin wancan zamani. Amma wanda ya tsaya a can da kyamara, yawancin abin da zai ɗauko fili ne da tuddai da itatuwa, sai wuraren da mutanen yankin ke nunawa a matsayin makwantan sarakuna. Wanda aka miƙa wa hoton ba tare da bayani ba zai ce gona ce.

In aka jera hotunan zangon nan uku a kan tebur, ɗalibin da bai san tarihi ba zai ɗauka Zungeru ce ta fi girma, Surame ta biyo, Alƙalawa kuwa ba komai ba ce. Wannan shi ne son kan kyamara. Abin da take aunawa shi ne ƙarfin kayan gini, alhali darajar wuri tana wani gefe dabam. An ce gani ya kori ji, amma a kufai sai ji ya rako gani.

4.0 Abin da ke Mayar da Hoto Hujja

Akwai misali mai kyau a aikin Z. R. Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, wanda ya shafe shekaru tun daga ƙarshen shekarun 1950 yana zagaya Nijeriya da mataimakansa suna awo da zane da ɗaukar hoto. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, an yi masa sabon gini a shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon a ciki. Saboda awo ya raka hotunan, an iya gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Da kyan hoto kawai aka nema, da hakan ba ta yiwu ba.

Matafiyi ba zai yi aikin shekaru a yini ɗaya ba, amma akwai abubuwan da ba su fi ƙarfinsa ba. Na farko, ya rubuta rana da wata da shekara, da sunan wurin kamar yadda mazauna ke furta shi, da wasula da baƙaƙe masu lanƙwasa daidai, domin taswirorin zamanin Turawa sun karya sunaye da yawa. Wayoyin yanzu suna iya liƙa wa hoto adireshin wurin ta hanyar tauraron ɗan'adam, sai a tabbata an kunna wannan. Na biyu, ya ajiye sanda mai tsawon mita 1 a jikin bango, in ba haka ba mai kallo ba zai san ko tudun ya kai tsayin mutum ba. Na uku, ya ɗauki kowane gini daga nesa domin a ga mahallinsa, sa'an nan daga kowace fuska yana ambaton gabas ko yamma, sa'an nan daga kusa: jerin tubali inda yaɓe ya zube, gurbin azara, ƙafar bakan gizo, ragowar zanen bango. Abin da ya rushe yakan tona asirin gini fiye da abin da ke tsaye lafiya.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da damina ciyawa da amfanin gona sun rufe komai, da tsakiyar hunturu kuma hazo yana dusashe nesa. Bayan an kawar da amfani, kafin hazo ya yi ƙarfi, shi ne lokacin da ya fi dacewa. A cikin yini kuwa, hasken hantsi da na la'asar sakaliya yana zuwa a kaikaice, sai inuwa ta fito da layin ganuwar da ta kwanta, wanda rana tsaka ke shafewa.

Na ƙarshe, wanda ya fi sauran, shi ne a ɗauki muryar mutane. Wa ya gina? Yaushe aka tashi, kuma me ya tayar da mutane, yaƙi ne, ko annoba, ko ƙafewar rijiya, ko kuwa sabuwar hanya ce ta kauce wa garin kasuwa ta bi ta? Ina ne ƙofar gabas, ina marina, ina fada? Dattijon da ya nuna fili ya ce nan ne kasuwa ya ba hoton abin da gilashin kyamara ba zai taɓa ba shi ba. A nan ne ɗalibin harshe yake da rinjaye a kan gwanin hoto, domin shi ya san yadda ake tambaya, ya kuma san kalmomin magina da ke ɓacewa tare da gine-ginen.

5.0 Ladubban Shiga Kango

Babu kangon da ba shi da mai shi. Sau da yawa gado ne da ba a raba ba, ko gidan da magada suka watsu, ko wurin da ke da kaburbura. Baƙon da ya sauko daga mota ya kama ɗauka ba sallama ya ci mutuncin mutane, ya kuma toshe wa na bayansa ƙofa. Hanya ita ce a fara da mai unguwa ko dagaci, a gabatar da kai, a nemi ɗan rakiya. A wajen jama'a da yawa kango da kufai mazaunin iskoki ne, ba a son shigarsu da rana tsaka ko da almuru. Ko mai bincike ya yarda da wannan ko bai yarda ba, wajibi ne ya girmama shi, ya kuma rubuta shi, domin shi ma wani ɓangare ne na tarihin wurin. Ɗan rakiya kuma shi ya san inda tsohuwar rijiya take a rufe da ciyawa, da bangon da ke shirin faɗuwa, da ramin maciji.

Ta fuskar doka, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa ko kwasar kayan tarihi ba da izini ba. Tsingaron da aka ɗauke daga inda yake ya rasa rabin ma'anarsa, don haka a ɗauki hotonsa a bar shi. Har ila yau, tun daga shekarun 2010 matsalar 'yan bindiga ta addabi sassan Zamfara da gabashin Sakkwato da Jihar Neja, ciki har da yankunan da aka ambata a sama. Tilas a nemi shawarar hukuma da ta mutanen wuri kafin a kama hanya. Wannan matsala kuma tana haifar da sababbin kufai, ƙauyukan da mutanensu ke raye a wani wuri suna fatan komawa. Hoton irin waɗannan gidaje amana ce, bai kamata a yaɗa shi don nishaɗi ba.

6.0 Kammalawa

An ga cewa harshen Hausa ya tanadi matakai daga kango zuwa kufai, kuma ginin ƙasa yana ratsa matakan nan da sauri da zarar an daina yaɓe. An ga kuma cewa wuraren da suka fi nauyi a tarihinmu su ne sau da yawa suka fi ƙarancin abin nuna wa kyamara. Shawarar da za a bayar ita ce, sassan Hausa da na tarihi a jami'o'inmu su buɗe ma'ajiya ta hotunan irin waɗannan wurare, kowane hoto da kwanan watansa da awonsa da muryar wanda ya yi bayaninsa, a kuma riƙa komawa wuri ɗaya bayan 'yan shekaru a sake ɗauka daga inda aka tsaya a karon farko. Ɗaliban da ke tafiya gida hutu a kowane zango sun isa su fara wannan aiki da wayoyin da ke aljihunsu, tun bangayen da suka rage ba su sha wata daminar ba.