Wa Zai Ba Da Labarin Batsari Da Safana?

A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana, saboda ta'asar 'yan bindigar dajin Rugu. A waɗancan watanni labarin yankin ya yi wuyar fita, domin masu ba da rahotonsa galibi a Katsina, Kano ko Abuja suke zaune, ta waya suke jin abin da ya faru. Ina 'yan jaridar da aka haifa a garuruwan yankin, irin su Ruma ko Runka?

Ba wai babu makarantun koyon aikin jarida ba. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya sun daɗe suna yaye ɗaliban aikin jarida, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina ma tana koyarwa. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba wannan digiri gida bakwai, aikin jarida daban, rediyo da talabijin daban, haka talla, fim da hulɗa da jama'a.

A ƙofar shiga ake tankaɗe. Sai yaro ya ci darussa biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, jami'o'i da dama kuma su nemi Adabin Turanci, kafin a zo maganar JAMB. Wanda aka rufe makarantarsu, ko iyayensa suka yi gudun hijira, da me zai yi gogayya da ɗan birni? 'Ya mace kuwa, ko ta ci, sai an sha fama da masu ganin aikin bai dace da ita ba.

Waɗanda suka kammala ma ba duka ke riƙe alƙalami ba. Wasu kan koma jami'an yaɗa labarai na ma'aikatu da 'yan siyasa, tunda albashin gidajen jarida bai taka kara ya karya ba. Abin mamaki, da Turanci ake karatun, alhali ƙofofin aiki da yawa na Hausa ne: Sashen Hausa na BBC da ya fara a 1957, jaridar Aminiya, Rediyon Freedom na Kano. Ɗan Safana da ya iya rubuta Hausa daidai, ya san ƙauyukan da mutanensu, yana da abin da aji ba ya bayarwa.

Shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu da masu hannu da shuni su ɗauki nauyin yara, maza da mata, su karanto wannan fanni.