Yadda Bakin Ƴan Kasuwa Ya Shiga Aji A Ƙasar Tasawa

Kwanakin baya aikin rediyo ya kai mu wata lakol da ke wani ƙauye a kan hanyar Tasawa zuwa Korgom. Mun je ɗaukar muryoyin yara ne, amma sai muka tarar da darasin da ya sa muka ajiye na'ura, muka nemi benci muka zauna. Mushe ya liƙa hoto a jikin allo: raƙumi ɗauke da kaya, wata mace na biye da shi da ƙwarya a ka, ta ba mu baya. Ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Wannan ya ce akwai raƙumi, wancan ya ce akwai mace, na uku ya ƙara da ƙwarya, daga nan aji ya yi tsit.

Sai malamin ya juya ga wata yarinya, ya ce, "Ke, me innarki take sayarwa?" Ta ce man gyaɗa. Ya ce, "To, idan mai saye ya kushe man, me take ce masa?" Yarinya ta rufe baki tana dariya, ta ce, "Cewa take, Alhaji, ɗaga kwalbar ka duba, wannan ai zuma ce." Malam ya ce, "Yawwa! Abin da inna take yi wa mai, shi za ku yi wa raƙumin nan."

Jama'a, sai ga bakuna sun buɗe. Wani ya ce wuyan raƙumin kamar mariƙin ludayi, wata ta ce tafin ƙafarsa kamar faifai. Wani ɗan ƙaramin yaro daga can baya ya ce leɓensa ya zazzago kamar na wanda aka hana bashi. Wannan kam har mu sai da muka dara, domin kuwa duk mai rumfa ya san irin wannan leɓe.

Abin da yaran nan suka yi shi masana irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano ke kira adon harshe. Idan aka ce wuya kamar ludayi, an yi kamantawa. Idan aka jefar da "kamar" aka ce mai zuma ne kai tsaye, an yi siffantawa. Idan kuma aka ce kasuwa ta yi fushi yau, an mayar da ita mutum, wato mutuntarwa ke nan. Sunayen ne kawai na makaranta, amma aikin, ku mata masu fura da dillalan awaki kun fi kowa iya shi.

Me ya sa yaranmu ke yin shiru a gaban hoto? Mu da muka yi lakol da Faransanci zalla mun san dalili. An koya mana mu rubuta cewa abu fari ne kamar dusar ƙanƙara, muka haddace, muka ci jarrabawa, alhali babu ɗayanmu da ya taɓa ganinta. Yaron Mayahi kuwa ya san farin nono, ya san farin balbela a bayan saniya. Ya san goribar Gulbin Kaba da wuyar gaigaya, ya san gawo da ke kaɗe ganye da damina lokacin da sauran itatuwa ke yin sabo. Da waɗannan zai iya kwatanta komai, in dai an bar shi ya fara da harshen da ya sha a nono.

Wannan magana ba yau aka fara ta ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta amince a koyar da harsunan ƙasa tare da Faransanci, a 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Sai dai doka tana Yamai, allo kuwa yana ƙauye, kuma littattafai masu hotuna ba su wadaci azuzuwa ba.

Wani abu da ya burge mu shi ne, malamin ba kowace kwalliya yake karɓa ba. Da wani yaro ya ce fuskar matar kamar wata ɗan daren sha huɗu, sai ya tambaye shi, "A ina ka ga fuskarta?" Yaro ya sake duban hoto, ya sunkuyar da kai. Ƙa'idar ita ce a fara kallo da kyau, a ga launi da girma da yadda abu ya tsaya, sannan a nemo masa abokin kama. A ganinmu nan ne darasin ya fi shafar ƴan kasuwa. Yanzu da yawa daga cikinku kuna tura hoton atamfa ko na tunkiya ta WhatsApp, kuma ƴaƴanku ne ke rubuta bayanin da ke ƙarƙashi. Idan yaro ya rubuta cewa jar akuyar nan gashinta na sheƙi kamar an shafa mata mai, kuma haka ɗin take, ciniki ya faɗa. Idan ya ce ta kai maraƙi girma, mai saye ya taso daga Maradi ya tarar da ƴar buɗurwar akuya, to an yi asarar kuɗin mota, an kuma yi asarar abokin ciniki.

Saboda haka idan yarinya ta dawo daga lakol tana cewa tukunyar inna baƙa ce kamar daren da babu wata, kada a ce mata ta cika surutu. A tambaye ta tulun fa, kamar me yake? Kacici-kacicin da kakanni ke yi wa jikoki bayan sallar lisha ma wannan aikin yake yi.

Da za mu tafi, malamin ya nuna mana dukiyarsa: hotuna huɗu, biyu daga tsohuwar kalanda, ɗaya daga kwalin sabulu, ɗaya kuma shi ya zana da hannunsa. Yara sun riga sun haddace su. Ya roƙe mu mu isar da saƙo ga masu shaguna da rumfuna na Tasawa, Mayahi da Kanan Bakashe, cewa duk wanda ke da tsohuwar kalanda ko takardar talla mai hoto, kada ya ƙunshe ƙosai da ita, ya ba yaro ya kai wa malaminsa.