Katin Gaisuwa Mai Adon Huji

Duk wanda ya yi makarantar kwana kafin zuwan wayar salula zai tuna katin barka da Sallah da na fatan nasara da ake aiko wa ɗalibi gab da jarrabawa. WhatsApp ya kashe wannan kasuwa a wurinmu, sai katin biki ne ya rage. A Amurka da Ingila kuwa, har gobe akwai mutane, akasarinsu mata, da ke zama a gida suna haɗa kati ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka fi ji da shi shi ne shimfiɗar bayan katin, wato takardar da aka huhhuje ta fito da zanen ganye ko taurari ko saƙar zuma.

Ba da almakashi ake yankan ba. Wani siririn faifan ƙarfe ne mai zane a jikinsa, layukan zanen sun ɗan taso. Sai a kifa shi a kan takarda mai kauri, a sa su tsakanin faranti biyu na roba, a tura cikin wani ɗan inji da ake juyawa da hannu. Wadda ta taɓa murza taliya ta riga ta san aikin. Matsi ne ke yankawa, shi ya sa ƙarfen ba ya yanke yatsa. Dabarar ta samo asali ne daga masana'antar takalma a ƙarni na 19, inda ake buga ƙarfe a kan fata don tafin takalmi ya fito girma ɗaya. Injin Sizzix ya shigo da ita gidaje a 2001, sannan Cricut, mai yanka da wuƙa bisa umarnin na'ura, ya biyo baya a 2006.

To, ina aikin hannu a nan, tunda inji ne ya yanka? Masu wannan ƙorafi ba su duba tarihi ba. Katin Kirsimeti na farko da aka sayar, wanda Henry Cole ya sa aka yi a Landan a 1843, kwafi 1,000, bugun inji ne, launi kawai aka shafa da hannu. Esther Howland ta garin Worcester a jihar Massachusetts, wadda ta fara sana'ar katin masoya a ƙarshen shekarun 1840, daga Ingila take sayo takarda mai huji kamar leshi. Abin da ita da matan da ta ɗauka aiki suke yi a gidan mahaifinta shi ne jerawa da liƙawa, da sa takarda mai launi a ƙarƙashin hujin don adon ya fito. Dukawanmu ma sun san wannan hikima, domin sukan yanke zane a jar fata su shimfiɗa wani launi a ƙasa.

Wahalar tana farawa ne bayan takarda ta fito daga inji. Ɗaruruwan 'yan gutsattsari sukan maƙale a cikin hujin, sai an bi su da tsinin allura ɗaya bayan ɗaya, kuma garaje kaɗan zai yaga siririn layin da ke riƙe da zanen. Idan tsakiya ba ta yanku ba, akan ƙara falle guda a ƙarƙashi a sake murzawa. Sai kuma gam. Takardar da rabinta huji ne ba ta da wurin shafa shi, idan ya yi yawa sai ya ɓullo ta gaba ya bar tabo mai ƙyalli. Gwanaye sukan manna takarda mai gam fuska biyu a bayanta tun kafin yanka, daga baya su ɓare kawai. Wasu ba sa zubar da gutsattsarin. Sukan yanka zane ɗaya a launi uku, su mayar da na wannan cikin ramin wancan, kati guda ya cinye musu yini.

Inda na fi ganin ana kuskure shi ne wajen cika ado. Tunda yanka ya zo da sauƙi, sai a jibga fure kan tauraro kan ƙyalƙyali har a rasa inda gaisuwar take. A ganina babu wanda ya kai fari a kan fari kyau: a ɗaga takardar hujin da ɗan soso mai gam, inuwa ta faɗa cikin ramukan, ita ce za ta zama launin. Sannan a rubuta kalma biyu ko uku a tsakiya.

Masu buga katin biki a garuruwanmu da ke sayo mai huji daga waje su duba wannan injin da kyau. Na hannun ba ya buƙatar lantarki, kuma ƙarfe ɗaya yakan yi yanka sau ɗaruruwa.